Ba a Yi wa Ta-Gawo Sallama Ba

Madagaska, 3 ga Yuli

Ƙanwata Habsa, gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina damina?

Na iso lahiya, mun soma sitaj, wato horon aikin da ma'aikatar dabbobi ta turo mu. Ki ce wa Inna dangin hawainiyarta suna gaishe ta. Nan kamar fara suke, wata mai ƙaho, wata ba ta kai ɗan yatsa ba. Abu guda ya dame ni. Mu tara ke shiga daji, amma ni kaɗai hawainiyoyin ke juyo wa ido.

Yayanki, Yahaya

Filinge, 21 ga Yuli

Yaya, bayan gaisuwa, bar wasan nan.

Ka sani ɗan gidanmu ba ya ƙetare ruwa sai ya zuba gumba gindin gawon tsakar gida, ya gaya wa hawainiyar da ke kai ranar komowa. Kai ka yi saurin mota, ba ka zuba ba. Tun ranar ba a sake ganin Ta-Gawo ba. Inna ta ce: "Wanda bai yi mata sallama ba, halinta shika ɗauka, inda ya zamna nan shika zama." Haka Baba Baƙo, ƙanen Baba, ya yi a Ankara. Yana raye, amma da Baba ya je ɗauko shi, kujerar baƙi ya ba shi.

Na zuba gumbar a madadinka, ko tururuwa ba ta taɓa ba. Tsoro nake ji, Yaya. Ka komo.

Habsa

Madagaska, 15 ga Agusta

Habsa, ina gaisuwa.

Ki kwantar da hankali, lafiya lau nake. Shinkafar nan ta karɓe ni. Harshensu ma ina ji, ban san lokacin da na koya ba. Jiya na so in zana wa abokin aiki gidanmu, na rasa inda ƙofa take. Gawon da kike faɗi, gabas yake ko yamma? Sannan ki rubuto mini sunan Inna na yanka, takarda ake cikawa.

Yahaya

Filinge, 2 ga Satumba

Yaya, Ummu sunanta. Ita ta goya ka. Kullum tana zaune gindin gawo tana kiranka. Don Allah ka hau jirgi.

Habsa

Madagaska, 30 ga Satumba

Malama Habsa, assalamu alaikum.

Wasiƙarki ta shigo hannuna, ina jin kuskuren adireshi ne. Na ji tausayin tsohuwar nan ƙwarai. Allah ya maido mata da ɗanta.

Na gode,
Yahaya