Rigar Sebio

Huancayo

Zuwa ga Yaya Fortunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki. Mu ma da sauƙi, in ban da zancen jikana Nicanor. Ya cika shekara huɗu, har yau ko "Mama" bai ce ba, kuma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Uwarsa Yesenia ta kafe a kan cewa tun ranar da ya suɓuce daga goyonta a matakalar kasuwa tsoro ya fizge kurwarsa. Ta daina cin abinci, Yaya. 'Yata tana ƙarewa a gabana ina kallo.

Malamar makarantarsu ta tura mu wurin likitar yara. Ta gwada kunnensa, lafiya lau. Ta zuba masa kayan wasa ta zauna tana kallonsa, sannan ta tambaya ko an taɓa yin mai irin halinsa a danginmu. Na tuna ɗan'uwanmu Sebio, Allah ya ji ƙansa, amma ina ƙarama a lokacin. Ki ba ni labarinsa. Kuma don Allah ki zo ki kira wa yaron nan kurwarsa yadda Mama take yi, ko hankalin uwarsa ya kwanta.

Ƙanwarki,
Hermelinda

*

Daga ƙauye

Hermelinda,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan, ta ƙi mutuwa ta ƙi warkewa. Ashe 'yan birni ma kuna tunawa da mu in ta ɓaci?

Kin tayar mini da tsohon ciwo. Sebio nake gani yanzu a tsakar gida lokacin girbi, yana ware ƙwayar masara, ja a nan, fara a can, shuɗiya a layinta, yana ɗan gurnaninsa mai daɗi. In aka kaɗa ƙararrawar coci sai ya toshe kunne ya shige bayan buhunan dankali. Ba ya cin miya in ta taɓa dankalinsa. Ina kewarsa har gobe.

Yana shekara uku ya faɗa magudanar ruwan gona, Mama tana wanki a gefe. Daga ranar ta ɗora wa kanta laifin. Duk shekara sai ta ɗauki jar rigarsa ta je bakin ruwan, ta kaɗa ta tana cewa, "Sebio, taho gida, kada ka zauna a nan." Sai ta jawo rigar a ƙasa har gida, ba waiwaye, ba gaisuwa da kowa. Ke kina bin ta a baya kina tsammanin wasa ne. Har ya yi gemu tana yi, da rigar da ko hannunsa ba za ta shiga ba.

To ga abin da za ki gaya wa likitarku. Ni na yi renonsa. Tun yana jinjiri ba ya kallon idon mutum, kuma jera masarar nan ya fara ta kafin ya faɗa ruwa. Na taɓa faɗa, Baba ya ce, "Rufe mana baki, me kika sani?" Na rufe.

Ba zan zo kiran kurwar kowa ba. In na zo, Yesenia ma ta samu aikin da za ta yi har ta tsufa.

Yayarki,
Fortunata

*

Huancayo

Zuwa ga Yaya Fortunata,

Gaisuwa da godiya. Na ji haushinki da farko, ba zan ɓoye ba. Amma na karanta wa likita wasiƙarki, ta haɗa da abin da ta gani a zuwanmu na baya. Ta ce sunan abin otizim. Da shi ake haihuwar yaro, yakan bi dangi, kuma faɗuwar nan ba ita ta kawo shi ba. Za a riƙa koya masa neman abu da hotuna, magana kuma a jira a gani.

Yesenia ta ce, "Likita, wato ba ni ba ce?" Ta ce, "Ba ke ba ce." Ta sake tambaya, aka sake ba ta amsa. A hanya ta tsaya ta sayi dafaffiyar masara da cuku ta cinye a tsaye, Nicanor kuma yana ɓare tasa yana jerawa a kan benci.

Ni ce na yi kuka. Mama ta tafi kabari ba wanda ya gaya mata haka.

Ƙanwarki,
Hermelinda

*

Daga ƙauye

Hermelinda,

Na gode Allah. Ki shafa mini kan yaron, in ya yarda.

Jiya da hantsi na ciro mayafin Mama daga akwati, na lallaɓa da sandata har bakin magudanar. Sebio bai taɓa barin kurwarsa a wurin ba, ita ce ta bar tata. Na kaɗa mayafin na ce, "Mama, taho gida, ba ke ba ce." Na jawo shi a ƙasa har ɗakinta, ban waiwaya ba.

Yayarki,
Fortunata