Bidiyon da Tasalla Ta Ɗauka a Jiratawa

Sabon Gari, Maradi

Zuwa ga Yaya Tahira, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Abdulmutallib da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma nan muna godiya. Ɗiyarki Balkisu ta fara rarrafe, haƙoranta biyu, ba abin da ta bari a ƙasa sai ta kai shi baki. Babanta yana nan yana jigilar zogale daga Jiratawa zuwa kasuwa kamar kullum. Na rubuto da hannu ne don salula ɗaya gare mu a gidan, saƙon murya kuma kowa sai ya ji.

Ranar Laraba ta biyu bayan ƙaramar Salla na bi Baban Balkisu gonar yayansa a Jiratawa. Muna tsinkar ganye da ƙanwarsa Tasalla, sai na ji wani wari kamar na ƙonannen tsumma, daga nan ban san kome ba. Da na farka ina kwance a bakin hanyar ruwa, harshena a fashe, mata sun kewaye ni amma daga nesa. Ba wadda ta taɓa ni, don sun ce duk wanda yawun mai faɗuwa ya taɓa, ya ɗauka. Tasalla ta rasa abin yi, sai ta ɗaga salularta ta ɗauke ni bidiyo don ta nuna wa Baban Balkisu, wanda ya tafi neman amalanke.

Bidiyon nan ya yi yawo fiye da ni. An fara kai shi Tsibiri wurin Kaka Bawa, ƙanen marigayiya Kaka Tani. Ya kalla sau uku, ya ce ya gane mai zuwan, Doguwar da Kaka Tani ta ɗauka shekara arba'in ce. Ya ce tun rasuwarta ba wanda ya yi mata yanka, ga shi ta zaɓi jikar da take so. Magani shi ne a yi mini girka, in zauna kwana bakwai a ɗaki a hannunsu har mu saba da juna, sharaɗi kuma kada in sha kome na asibiti, don iska ba ta shiri da shi. Ya ƙara da cewa idan na ƙi, za ta tsallake ni ta sauka kan Balkisu. Bai faɗa da tsoratarwa ba. Yana faɗa yana ba yarinyar gyaɗa a hannu, ni kuma ina ƙwacewa.

Da muka je asibiti, lokotoro ma bidiyon ya kalla, sau ɗaya. Ya tambaye ni warin da na ji, da ko wani a danginmu yana faɗuwa. Ya ce farfaɗiya ce, abu ne a ƙwaƙwalwa kamar wayar lantarki da ke haɗuwa, kuma yawu ba ya ɗauke da ita. Ya rubuta ordinas, takardar sayen magani, ƙwaya kullum ba fashi, wataƙila shekaru. Na tambaye shi ko za ta iya sauka kan yarinya. Ya ce wani irin yana bin gida, wani ba ya bi, ba zai yi mini alkawari ba. A kan kabu-kabu muna dawowa na lura shi da Kaka Bawa ba su saɓa ba a wannan gaɓar, suna ne kowa da nasa.

Malam Abdulrazak, limamin unguwarmu, ya ce aljannu gaskiya ne, cuta ma gaskiya ce, shi kuwa ba zai iya bambanta su a gilashin salula ba. Abin da ya sani shi ne yanka don wanin Allah bai halatta ba, neman magani kuma ba rashin tawakkali ba ne. Ya ba ni azkar na safe da yamma. Baban Balkisu ya ce jikina ne, danginmu ne, ba zai shiga tsakanina da Tsibiri ba, amma duk inda na nufa zai kai ni.

Yaya, ga abin da ban gaya wa kowa ba. Maganar Kaka Bawa ta fi yi mini daɗi. Kin san ni da littattafaina, har yanzu suna nan cike da kwali a ƙarƙashin gado. A cikinsu yarinyar da abin ɓoye ya zaɓa kyakkyawa ce, takan sulale ƙasa a hankali, gyalenta bai ko zame ba, ta farka ta san abin da wasu ba su sani ba. Tsakanin a ce an zaɓe ni da a ce wayata ta haɗu, kin san wanda zan so. Na sayi ƙwayar a farmasi, na sha kwana tara, sai na daina, na ce wa Kaka Bawa a sa rana. An sa Laraba mai zuwa.

Shekaranjiya Tasalla ta zo yi mini kitso, na ce ta ba ni in gani, don duk wannan lokaci ni kaɗai ce ban kalla ba. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Matar da ke ciki ba ta sulale ba. Ko da aka fara ɗauka tana ƙasa, da gani ta faɗi ne da baya gaba ɗaya kamar buhu, ƙeyarta a kan gefen siminti. A kusurwar hoton ga Balkisu zaune kan tabarma tana cin ganye, ga zanen goyo a gefenta. Na tuna ban fi minti biyar da sauke ta ba, kuma na sauke ta ne kawai don zafi ya dame ni. Na mayar wa Tasalla salularta, ta ƙarasa kitson.

Ban san wanda ya fi gaskiya ba, ba na jin zan sani. Ba zan ce Kaka Tani ta yi shekara arba'in tana bauta wa ciwo ba, ke kin zauna da ita fiye da ni. In kin tuna yadda abin ya fara mata, ko Innarmu ta taɓa faɗuwa kafin a haife ni, ki rubuto, lokotoro yana son sani. Abu ɗaya dai na iya aunawa: kwana bakwai ba magani, da sauran kwanakin da za su biyo baya, ni ce mai goyo a cikinsu.

Ki gaishe da Yaya Abdulmutallib da Shamsu da Nabil, ki ce wa Nabil ina sane da alkakin da na yi masa alkawari. Tasalla da Baban Balkisu suna gaishe ku. Inusa direba zai kawo takardar tare da ƙullin busasshen zogale.

Jiya na koma shan ƙwayar. Yau da safe na aika wa Kaka Bawa goro da gaisuwa, na ce ya yi haƙuri, ba zan zo girkar ba.

Taki ƙanwa,
Mansura