Karima Ba Ta Daina Sha Ba

Talata, 13 ga Maris, 2001

Awo yau. Cikin ya shiga wata na uku. Na haɗu da Karima, 'yar Haɗejan nan da muka san juna bara a layin likitan ƙwaƙwalwa, lokacin da ni da ita ba ma iya ɗaga ido mu kalli mutum. Ciwonmu ɗaya, ciwon damuwa, ƙwayarmu ɗaya. Ita ma ciki gare ta, ta riga ni da wata biyu. Mijinta ne ya kawo ta, ya zauna a benci yana riƙe mata jaka. Ni kuwa mijina Malam a bakin ƙofa ya sauke ni ya wuce sakatariya.

Ta ce, "Yaya Zulfa, kina dai shan maganin ko?" Na ce ina sha. Ƙarya nake. Ranar da Hajiya, mahaifiyar Malam, ta ji ina da ciki ta tattara ƙwayoyin ta zuba a shadda. Wai jikanta ba zai fara da maganin mahaukata ba. Ban yi musu ba, ni ma tsoron nake ji.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Ita Karima ba ta daina ba. Wai likita ya rage mata, ya ce shan yana da ɗan haɗari, barin ma yana da nasa. Wai mijinta ya yi ta jero tambayoyi har likitan ya yi dariya. Tana ba ni labari tana shan mangwaro, ruwan na bin hannunta. Ta yi kumatu. Na ƙi karɓar wanda ta miƙo min.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Ban yi wanka ba. Ban ɗora tukunya ba.

Laraba, 16 ga Mayu

Hajiya ta kawo mai ruƙiyya daga Kiyawa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya san wani mai ruƙiyya. Mutumin kirki ne, ya yi karatu, ya ce bai ga alamar aljani ba, a mai da ni asibiti. Hajiya ta ce za ta nemo wani.

Abinci kamar ƙasa a bakina. Nas ta ce nauyina bai motsa ba tun wancan awon. Karima kuwa an ce ta rage tuwo. Har da dariyarta. Na lura zanin da ke jikinta sabo ne, da irinsa mijin ya ɗinka hula. Me ya kai idona can ma.

Asabar, 9 ga Yuni

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: wani lokaci ina so a ce nata ya fito da wata matsala. Ba babba ba. Wadda dai za ta nuna ni ce na yi daidai, wannan duhun da nake ciki ba a banza ba ne. Astagfirullah. Na rubuta, ban goge ba.

Lahadi, 22 ga Yuli

Ruwa ya sauka sosai, gero ya rufe bayan gida. Malam ya ce in fito in gani. Na ce to, ban fito ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Wai me na yi miki?" Bai yi komai ba. Shi ne abin.

Talata, 14 ga Agusta

Karima ta sauka. Mace. An ce jaririyar ta yi ta karkarwa da kuka, an riƙe su a asibiti ana dubawa, likita ya ce sabo da maganin ne ke sakinta. Da na ji, wani abu ya yi min daɗi a ƙirji. Allah Ka yafe min.

Litinin, 20 ga Agusta

An sallame su, yarinya ƙalau, tana kama nono. Gobe suna. Na aika cewa ƙafata ta kumbura.

Juma'a, 7 ga Satumba

Ina rubutu a gadon asibiti. Naƙuda ta zo min da sauran wata guda da ɗoriya. Namiji ne, yana cikin kwalba. Hannunsa bai fi babban yatsana ba. Na tambayi likita ko don na bar maganin ne. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma uwar da ba ta ci, ba ta barci, cikinta ma yana ji. Hajiya tana wurin. Ta gyara mayafi ta fita.

Nono bai zo ba.

Litinin, 10 ga Satumba

Karima ta zo, da jegonta da komai, goye da 'yarta. Ban san wa ya faɗa mata ba. Ta yi magana da likita, ya duba katinta ya yarda, mijinta ma ya yarda, Malam ma. Ta juya baya ta tatsa a kofi, nas ta ba ɗana da ƙaramin cokali. Ya haɗiye. Ina kallo ya haɗiye nonon wata, ni nawa ƙirjin a bushe. Na juya fuska bango na yi ta kuka, kowa ya ɗauka na farin ciki ne.

Hajiya ce ta wanke kofin da kanta.

Da Karima za ta tafi ta ce, "Na san kin daina tun a Maris. Idonki ya nuna. Na ji tsoron in yi magana ki daina gaishe ni."

Laraba, 19 ga Satumba

An raɗa masa Muhyiddeen, yana kwalba aka yi. Yau an fito da shi na ɗan lokaci na rungume. Nono ya fara zuwa kaɗan. Likita ya mai da ni kan maganin, Malam ne ya shiga tare da ni, ya yi tambaya biyu. Biyu dai, amma ya yi.

Karima na zuwa kullum da hantsi. Har yanzu dariyarta ta cika ƙarfi, kuma ban ga dalilin sabon lalle ga mai jego ba. Za ta shiga alwala ta ajiye min 'yarta Rakiya a cinya ba tare da ta tambaye ni ba. Nauyi kamar buhun gero, wuyan nan duk ninki. Ta kama yatsana ta ƙi saki.

Da uwar ta dawo na ce yarinyar ta yi barci, a bar ta kar a tashe ta. Alhali idonta biyu.