Ki Zo Ki Ɗauki Zahra'u

Yaya Uwani, salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Maraɗi, Allah ya ƙara lafiya. Husaina ta ɗakin kusa ce take rubuta min, ni ina faɗa. Yaya, so nake ki zo ki ɗauki Zahra'u ta zauna wajenki har ruwa ya janye. Goyon nan ya ɗaure ni, ba na iya bin ta.

Kin san kududdufin nan na bayan gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. To bana wata irin kainuwa ta rufe shi ruf, mai fure kamar na ado, ba a ganin ruwa ko kaɗan. Ke ma da kin gani cewa za ki yi fili ne. Kaji har hawa suke suna kiwo a kai. Ana cewa kainuwa dashen Allah, amma ni wannan tsoronta nake ji.

Ranar Talata ina wanki, Zahra'u ta fita koro 'yan tsaki, aikinta ne kullum da yamma. Suka hau ciyawar, ita ma ta bi su. 'Yar shekara uku, ina ta san kaza ba ta da nauyi? Ko kuka ba ta yi ba, Yaya, ciyawar ta koma ta rufe. Maman Tobenna mai kanti ce ta hango ɗankwalinta, ta shiga da zaninta har ƙirji ta jawo ta. Ta yi aman ruwa, ta kwana biyu da zazzaɓi, yanzu da sauƙi. Amma jiya na sake kama ta a bakin wajen, wai furen za ta tsinko min.

Samari sun taɓa kwashe ciyawar da manjagara, kafin Juma'a biyu ta dawo.

Ki gaida Malam Garba da su Auwalu. Baban Zahra'u, Ƙasimu, ya sani, ya ce in dai wajenki ne ya yarda. Na faɗa wa mai unguwa, ya ce za a duba. Inna ce kawai ban faɗa wa ba, saboda hawan jininta. In ta tambaya, ki ce kewar yarinyar kike yi.

Ƙanwarki,
Maman Zahra'u