Inna, Muryarki Na Zaɓa

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa da ban girma daga 'yarki Rabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Ranar Talata da safe na danna laftof ɗina, ta ƙi tashi. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta. Na kashe na kunna har na daina ƙirgawa. Inna, aikin digirina na biyu yana ciki, wahalar shekara biyu, kuma ƙarshen watan nan zan miƙa shi. A cikinta kuma na ajiye hirar da na naɗa a ɗakinki a Mai'adua kafin rasuwarki, kina lissafo mini danginmu na tsallaken iyaka. Wayar da na naɗa da ita ta daɗe da ɓata. Ban kwafe ko ɗaya a wani wuri ba. Kullum sai in ce gobe.

Na hau babur zuwa shagon wani mai gyara a bakin kasuwar Daura, Malam Sabi'u. Ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyar da suke kira had-dis, ba ta fi tafin hannunki ba. Ya ce yawan kunnawar da na yi ya ƙara mata rauni. 

Ya jona ta da tasa kwamfutar. Shiru. Ya sake jonawa, shiru. A karo na uku ta buɗe. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malama, wannan ba za ta daɗe ba. Me za mu fara ɗauka?"

Ga aikina, ga muryarki, suna jere a allo. Na tuna abin da kika sha faɗa mini, cewa karatu ne kaɗai gadon da za ki bar mini. Na san abin da za ki zaɓa da kina wurin. Ki yafe mini, Inna, ban bi naki ba, na ce ya fara da muryarki.

Wani koren layi mai nuna tafiyar kwafin ya fara rarrafe a allo. Ya tafi, ya tsaya, ya tafi. Had-dis ɗin ta ɗau zafi, Malam Sabi'u ya sa kwali yana yi mata fifita. Da layin ya kai rabi sai ya ƙame. Na damƙe bakin mayafina har yatsuna suka yi tsami. Can ya motsa. Ana kiran la'asar ya cika.

Ya juya kan aikina. Had-dis ɗin ta yi ƙas sau ɗaya, ba ta sake motsi ba.

Abin da ya rage mini babi biyu ne a takarda, masu jan biron malamina. Gobe zan je in roƙe shi ƙarin lokaci, ban san me zai ce ba.

Amma na dawo gida da muryarki a cikin falash, 'yar ma'ajiyar da ya kwafe mini ita a ciki. Na ari kwamfuta na kunna, sai ga tarinki, sai dariyarki, sannan kika ce, "Rabi, abin nan yana jina kuwa? To matso da shi." Na matso, Inna. Har goshina ya taɓa tebur.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya ba ni ƙarfin sake rubuta abin da ya tafi.

Taki har abada,
Rabi