Ranar da Na Faɗi Kasawar Baban Hafsa a Gaban Alƙali

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki.

Umma, kin riga mu gidan gaskiya kafin ciwon surukinki, Baban Hafsa. Hawan jini ne ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Mutumin da kike ƙure muryar rediyo ki kira maƙwabta su ji yana karanta labarai, yau ko ruwa yake so sai dai ya nuna da hannu.

Aikinsa ya tsaya. Nawa, na kula da tsofaffi a nan garin Germantown na ƙasar Turawa, bai isa haya da magani ba. Aka ce mu nemi tallafin da gwamnatin ƙasar nan take ba masu naƙasa duk wata. Ya daɗe yana girgiza kai kafin ya yarda. Muka nema, aka ƙi. Muka sake nema, aka sake ƙi. Daga ƙarshe aka ce mu bayyana gaban alƙali.

Ranar na sa masa farar shaddarsa, na gyara masa hula. Lauyarmu ta gargaɗe ni kada in sassauta komai, in faɗi abin yadda yake.

Kin sha gaya mini, "Rabi, rufin asirin miji shi ne zanen mace." A ɗakin shari'ar nan na kwance zanen da hannuna. Aka tambaye ni ko yana iya wanka da kansa, na ce a'a. Ko yana iya ɓalle maɓallin rigarsa, ko rubuta sunansa, ko zama shi kaɗai a gida. Duk na ce a'a. Yana zaune kusa da ni, kuma hankalinsa garau yake, ba abin da ya wuce shi. Ni ce fa kullum a gida nake ce masa yana samun sauƙi.

A jirgin ƙasa da muke komawa, na miƙa masa hannu. Ya juya yana kallon taga har muka sauka.

An amince, Umma. Kuɗin suna shigowa, muna godiya. Amma akwai sharaɗi: in albashina ya ƙaru, tallafinsa ya ragu. Da shugabarmu ta yi mini tayin ƙarin matsayi, haƙuri na ba ta. Kuma an ce lokaci-lokaci za a sake kiran mu a duba ko har yanzu bai iya ba.

Ran Juma'a ina yanka albasa na ji an ce "Rabi" a bayana. A karkace ya fito, amma sunana ne, kuma muryarsa ce. Na saki wuƙar na rungume shi ina kuka. Kafin hawayen su bushe sai na ji zuciyata tana tambaya, in ya ci gaba da magana, za su yanke tallafin?

Na gaji, Ummata. Ba jinyar ce ta gajiyar da ni ba. Zaman da ko murnar sauƙinsa sai na yi ta da tsoro, shi ne ya cinye ni.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Shi kuma Allah ya buɗe masa baki gaba ɗaya, ko da hakan zai raba mu da kuɗin nan.

'Yarki mai kewarki,
Rabi