Dankalin Mahaifiyarki a Cikin Bokiti

Assalamu alaikum, Autata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya raba ku da murar sanyin nan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da take riga rediyo sanar da ni yanayi.

Kin tuna dankalin turawan mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, mai jan ɓawon nan da take ajiye irinsa duk shekara? Guda shida suka rage, na adana su a akwatin keken ɗinkina. Ɗumin ɗakin ya ruɗe su, suka yi tsiro a tsakiyar sanyi, suka fara yamushewa. Ko a shuka yanzu, ko irin ya ƙare a hannuna. Ƙasar lambu kuwa ta daskare kamar siminti.

Matar yayanki ce ta ce a ba ta. Ta huda gindin tsofaffin bokitai uku, ta zuba ƙasa da taki, ta binne dankalin bibbiyu, ta jera bokitan a tagar kicin. Duk sanda ganye ya ɗago, sai ta ƙara ƙasa har wuyansa, wai a jikin karan da aka binne 'ya'ya suke fitowa. Da safe ta bi rana da su daga taga zuwa taga, da yamma ta lulluɓe su da tsohon bargona. Wata uku cur ba ta fasa ba. Yayanki har cewa yake ina ma shi aka shuka.

To, ni ma na yi tawa. Shekara arba'in ina ɗinki, mahaifiyarki tana noma, ban taɓa tambaya ba. Na ga ganye ya yi rawaya ya kwanta, na ce ƙishirwa ce, na riƙa shayar da bokitin da ya fi ba ni tausayi a ɓoye. Da matar yayanki ta kama ni da buta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kwanciyar ganye alamar nuna ce, ruwa a lokacin ruɓarwa yake yi. Haka kuwa, nawa ya fito yana wari.

Jiya muka kife sauran biyun a kan buhu. Ashirin da tara, jajaye jawur! Ta ware sha biyu masu girman ƙwai don iri, ta ce shida naki ne, kada irin ya sake zama a gida ɗaya. Sauran ta dafa. Loma ɗaya na yi na ce hayaƙi ya shiga idona. Ta yi kamar ta yarda, alhali murhunmu na lantarki ne.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu da takwarana sarkin ƙiriniya. Yayanki da matarsa da Goggo suna gaishe ki. Ki fara neman bokiti.

Mahaifinki,
tsohon tela.